Uraniyom na Arlit da Taurarin Nutoron: Tarihin Ilimi Ɗaya Mai Rassa Biyu

1. Gabatarwa

Duk wanda ya yi nazarin tarihin Nijar na bayan samun ƴancin kai ya san matsayin da uraniyom ya ke da shi a ciki. An yi rubuce-rubuce da dama a kan farashinsa, da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da Faransa, da juyin mulkin 1974, da kuma lafiyar ma'aikata da makiyayan da ke kewaye da Arlit da Akokan, har ya zuwa ƙananan hukumomin Gugaram da Dannat. Abin da ba a cika taɓowa ba shi ne tarihin ilimin da ya mayar da wannan dutse abin nema. A cikin wannan ƙasida za mu bi diddigin wani ɓangare na ilimin nan, wato lissafin halin da cibiyar atam ta ke shiga idan aka matse ta matuƙar matsewa, da yadda masana su ke amfani da shi don hasashen nauyi da girman taurarin da a ke kira taurarin nutoron.

Manufarmu ita ce mu nuna cewa tambayar da ta kai ga haƙa ramukan Arlit, da tambayar girman waɗannan taurari, tushensu ɗaya: ta yaya nutoron da furoton su ke riƙe juna? Mutane ɗaya ne suka fara aikin biyu, kuma a Faransa hukuma ɗaya ce ta riƙe su. Rabon Nijar a ciki shi ne haƙar ƙasa, lissafin kuwa ya tsaya a wasu ƙasashe. A ƙarshe za mu duba abin da wannan ya ke nufi ga jami'o'inmu.

Tun da Hausa ba ta riga ta tsayar da kalmomin wannan fanni ba, ga yadda za mu yi amfani da su. Cibiyar atam ita ce ƙwallon da ke tsakiyarsa, wanda ya ƙunshi furoton masu cajin lantarki da nutoron marasa caji. Cunkoso shi ne yawan nauyin da ke cikin wani ƙayyadadden fili. Jan nauyi shi ne ƙarfin da ke sa abu ya faɗo ƙasa, ya kuma riƙe duniya a kewayen rana. Ƙa'idar matsi da cunkoso ita ce abin da Faransanci ke ce wa équation d'état, wato dangantakar da ke faɗin irin turjiyar da abu zai yi idan aka cunkusa shi zuwa wani mataki.

2. Mafarin tambaya: 1932 zuwa 1939

An san uraniyom tun shekara ta 1789, lokacin da Martin Klaproth ya gano shi a Balin, kuma da gishirinsa ne Henri Becquerel ya gano tururin da wasu ma'adinai ke fitarwa, a Paris cikin 1896. Amma mabuɗin al'amarin bai samu ba sai a 1932, da James Chadwick ya tabbatar da samuwar nutoron a Cambridge. Daga nan aka gane cewa cibiyar uraniyom 238 tana ɗauke da furoton 92 da nutoron 146, ta uraniyom 235 kuma nutoron 143.

Ba a yi shekara biyu ba sai Walter Baade da Fritz Zwicky, a Kalifoniya, suka kawo shawarar cewa idan babban tauraro ya fashe a ƙarshen rayuwarsa, abin da ya rage zai dunƙule ya zama ƙwallon nutoron. A 1935 kuma Carl von Weizsäcker ya fito da lissafin da ke kwatanta cibiya da ɗigon ruwa. Daga irin wannan lissafi, da awon girman cibiyoyi, aka samu adadi biyu da har yanzu su ne ginshiƙin fannin. Na farko, cunkoson tsakiyar kowace babbar cibiya kusan ɗaya ne, wajen tan miliyan 270 a cikin santimita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Na biyu, ƙarfin da ke riƙe kowace ƙwaya a cikin irin wannan abu ya kai kimanin elektoron-bolt miliyan 16.

Shekara ta 1939 ita ce mararrabar hanya. A watan Disamba na 1938 Otto Hahn da Fritz Strassmann suka ga cewa nutoron na tsaga cibiyar uraniyom, bayanin da Lise Meitner da Otto Frisch suka yi a kan haka ya fito a ranar 11 ga Fabrairu 1939. Kwana huɗu bayan nan, a ranar 15 ga wata, mujallar Physical Review ta buga aikin Robert Oppenheimer da ɗalibinsa George Volkoff, tare da na Richard Tolman, inda aka shimfiɗa lissafin daidaituwar tauraron nutoron bisa ka'idar Einstein. A bazarar shekarar Frédéric Joliot da Hans von Halban da Lew Kowarski suka nuna a Paris cewa kowace tsagewa na sakin nutoron fiye da ɗaya, ke nan wutar na iya ci da kanta. Sa'an nan a ranar 1 ga Satumba, ranar da Jamus ta afka wa Folan, mujallar nan ta buga aikin Niels Bohr da John Wheeler a kan tsagewar cibiya, da na Oppenheimer da Hartland Snyder a kan ruftawar tauraro, duka a fitowa ɗaya.

Ya kamata mu tsaya kaɗan a kan lissafin Oppenheimer da Volkoff, domin har gobe da shi a ke aiki. Tauraro yana tsaye ne saboda matsin da ke cikinsa yana tare jan nauyin da ke son rufta shi. Idan mai lissafi ya san ƙa'idar matsi da cunkoso, sai ya zaɓi wani cunkoso a tsakiyar tauraro, ya yi ta lissafi mataki-mataki zuwa waje, har inda matsi ya ƙare. Nan ne bakin tauraro, a nan kuma zai karanta nauyinsa da faɗinsa. Idan ya maimaita da cunkoso daban-daban zai samu jerin taurarin da ƙa'idar ta yarda da su, da kuma iyakar nauyin da in aka wuce shi tauraro zai rufta ya zama baƙin rami. Su biyun sun ɗauka cewa nutoron ba su taɓa juna da wani ƙarfi, sai suka samu iyakar kashi 0,7 na nauyin rana. Yau mun san yawancin taurarin nutoron da aka auna sun kai wajen 1,4, wato ninki biyu na wannan iyaka. Bambancin ya fito ne daga ƙarfin nukiliya, wanda ke jawo ƙwayoyi idan suna ɗan nesa, ya kuma ingije su da tsanani idan sun matso ainun. Saboda haka awon tauraro awon ƙarfin nukiliya ne.

Yaƙi ya kwashe da yawa daga cikin waɗannan masana zuwa reshen makami. Oppenheimer ya shugabanci Los Alamos, Tolman ya zama mai ba Janar Groves shawara, Wheeler ya yi aikin tukwanen nukiliya na Hanford, Volkoff kuma ya shiga ɗakin binciken Montreal inda Halban da Kowarski suka yi aiki. Kaso mafi tsoka na uraniyom ɗin da suka fara aiki da shi daga Afirka ya fito, daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kwango.

3. Reshen ƙasa: daga Azelik zuwa Arlit

A ranar 18 ga Oktoba 1945 Janar de Gaulle ya kafa hukumar makamashin atam ta Faransa, wato CEA, da Joliot a matsayin babban kwamishina. Tun farko an ɗora mata ayyuka da yawa a lokaci ɗaya: binciken kimiyya, gina tukwanen nukiliya, neman ma'adini a Faransa da ƙasashen da ta ke mulka, daga baya kuma ƙera makami. Bam ɗinta na farko ya tashi a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, wata shida kafin Nijar ta samu ƴancin kai.

A shekara ta 1957 masu neman tagulla na ofishin ma'adinai na Faransa suka ci karo da alamun uraniyom a Azelik, wurin da masana tarihi da dama ke ɗauka shi ne tsohon garin Takadda da Ibn Battuta ya ziyarta a 1353. CEA ta karɓi binciken, ta bi gefen yammacin duwatsun Abzin, ta gano Madawela a 1963, da wuraren da ta laƙaba wa sunayen Faransanci irin su Arlette da Ariège da Artois a 1965, da Imuraren a 1966, da Akuta a 1967. Kafin nan, yarjejeniyar tsaro ta watan Afrilu 1961 ta riga ta ba Faransa fifiko a kan ma'adinan da a ke ɗauka na tsaro ne, har da uraniyom. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, aka gina garin Arlit, aka fara fitar da kaya a 1971. Kamfanin COMINAK, wanda Japan da Sifen suka shiga cikinsa, an kafa shi a 1974, ya fara aiki a ƙarƙashin ƙasa a 1978, a zurfin mita 250, garin Akokan kuma ya tashi a gefensa.

Bayan tashin farashin man fetur a 1973, Shugaba Diori Hamani ya nemi a sake duba farashin uraniyom. Ana cikin tattaunawa sai sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da shi ranar 15 ga Afrilu 1974. Dalilin da sojojin suka bayar shi ne yunwa da almundahanar kayan agaji, masana tarihi kuwa har yanzu suna muhawara a kan rawar da batun uraniyom ya taka. Abin da ba a musu a kai shi ne, a ƙarshen shekarun 1970 ma'adinin ya ba da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin kayan da ƙasar ta ke fitarwa, da shi aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, dominsa kuma aka kafa SONICHAR a Anu Araren don samar da lantarki daga kwal. Amma aikin da a ke yi a Nijar ya tsaya ne a kan rawayan garin uraniyom da a ke zubawa a durom. A wancan lokaci, daga nan sai tashar ruwan Kwatano, sai masana'antun Malvési da Tricastin a Faransa, inda a ke tacewa da ingantawa.

4. Reshen lissafi: 1955 zuwa 1974

A daidai shekarun da a ke auna hamadar Abzin, masanan da suka dawo daga aikin yaƙi sun koma kan tambayar da suka bari. Keith Brueckner, a tsakiyar shekarun 1950, ya fito da hanyar lissafin abu mai ƙwayoyin nukiliya marasa iyaka, Hans Bethe da ɗalibansa suka faɗaɗa ta. Tony Skyrme a Ingila ya bi wata hanya mai sauƙi: ya rubuta ƙarfin da ke tsakanin ƙwayoyi da ƴan adadi kimanin goma, waɗanda a ke daidaitawa da awon cibiyoyin da aka sani. A 1959 Alastair Cameron ya sa irin wannan ƙarfi a cikin lissafin Oppenheimer da Volkoff, sai iyakar nauyi ta tashi zuwa kusan ninki 2 na rana.

Duk wannan a takarda ya ke, don ba wanda ya taɓa ganin tauraron nutoron. Sai a 1967 Jocelyn Bell, ɗaliba mai neman digirin dokta a Cambridge, ta lura da wani bugun rediyo da ke zuwa daga sama kowace daƙiƙa 1,337. An sanar da binciken a Fabrairu 1968, shekarar da aka kafa SOMAÏR. Thomas Gold ya bayyana cewa tauraron nutoron ne mai juyawa kamar fitilar tashar jiragen ruwa, kuma kafin shekarar ta ƙare aka gano wani mai bugu sau 30 a daƙiƙa a cikin ɓurɓushin tauraron da masanan ƙasar Sin suka ga fashewarsa a 1054. Irin waɗannan su a ke kira fulsar.

Daga nan aiki ya kankama. A 1971 Gordon Baym da Bethe da Christopher Pethick suka lissafa ɓawon tauraron. A 1972 Dominique Vautherin na Orsay da David Brink suka nuna cewa ƙarfin Skyrme na iya bayyana cibiyoyi manya da ƙanana da kwamfuta. A 1974 Dirk Walecka ya kawo samfurin da ya dace da ka'idar Einstein ta gudun haske. A wannan shekara dai, Russell Hulse da Joseph Taylor suka gano fulsar da ke kewaya wani tauraron nutoron, James Lattimer da David Schramm kuma suka kawo shawarar cewa tarwatsewar tauraron nutoron a karo da baƙin rami na iya zama mafarin ma'adinai masu nauyi. Mai karatu zai lura cewa shekarar juyin mulkin Kountché ce, da kafa COMINAK, da shirin Messmer wanda ya ɗora lantarkin Faransa a kan nukiliya.

Wahalar aikin a fili ta ke idan aka kwatanta adadi. A cikin uraniyom 238, nutoron kashi 61 ne cikin ɗari, cibiyoyi masu ɗorewa a duniya ba su wuce haka da yawa ba. A cikin tauraro kuwa sun kai wajen kashi 90 ko fiye, cunkoson tsakiyarsa kuma ya ninka na cibiya sau da dama. Ke nan mai lissafi yana tsaye a kan abin da aka auna a ɗakin gwaji, yana hasashen wurin da ba a iya gwadawa. Don a ji girman wannan cunkoso, mu ɗauki uraniyom ɗin da COMINAK ya fitar daga 1978 har rufe shi a ƙarshen Maris 2021, kimanin tan dubu 75. Da za a matse shi zuwa cunkoson cibiya, da bai kai girman ƙwayar riɗi ɗaya ba.

5. Hukuma ɗaya, ayyuka biyu

A nan ne rassan biyu suka sake haɗuwa a ƙarƙashin rufi ɗaya. A cibiyar CEA ta Bruyères-le-Châtel, wadda ke ƙarƙashin sashen ayyukan soja, Daniel Gogny ya ƙirƙiro wani samfurin ƙarfin nukiliya, shi da Jacques Dechargé suka buga cikakken bayaninsa a 1980. Daga baya aka gyara shi don ya dace da shingen tsagewar fulutoniyom 240, abin da a ke samu daga uraniyom 238 a cikin tukunyar nukiliya. Haka aka yi wa wani samfurin Skyrme mai suna SkM* a 1982. Waɗannan samfura sun ƙware wajen cibiyoyi masu tsagewa, amma da aka gwada wasunsu a kan abu mai nutoron zalla sai aka ga sun yi rauni, matsin da su ke bayarwa ba ya isa riƙe tauraro mai nauyi.

Don magance wannan ne, a 1997 da 1998, masana daga Saclay, wata cibiyar CEA, da cibiyar fizik ɗin nukiliya ta Lyon, tare da Paweł Haensel na Warsaw, suka fito da samfuran da aka sa wa suna SLy, wato Saclay da Lyon. Sauran su ne Chabanat da Bonche da Meyer da Schaeffer. Dabararsu ita ce su tilasta wa samfurin ya dace da abu biyu a lokaci ɗaya: awon wasu zaɓaɓɓun cibiyoyi, da lissafin nutoron zalla da Wiringa da Fiks da Fabrocini suka yi a 1988. A 2001 Douchin da Haensel suka gina ƙa'idar matsi da cunkoso guda daga ɓawon tauraro har tsakiyarsa bisa wannan samfuri. Ta yi hasashen iyakar nauyi 2,05 na rana, da rabin faɗi na wajen kilomita 11,7 ga tauraro mai nauyin 1,4. Wato ƙwallon da ya fi rana nauyi, amma faɗinsa kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na tazarar Arlit da Agadas.

Ba muna cewa kuɗin ma'adinin Arlit ne ya biya albashin waɗannan masana ba, tun da a 1976 an ware harkar ma'adinai daga CEA aka ba COGEMA, wanda ya shiga cikin Areva a 2001, ya koma Orano a 2018. Abin lura shi ne tsarin. Faransa ta ɗauki al'amarin atam a matsayin sarƙa guda, daga mai haƙar ƙasa har mai lissafin taurari, ta kuma raya kowane ƙulli na sarƙar. Nijar ta shiga ne a ƙulli ɗaya, na farko.

6. Hukuncin awo: 2010 zuwa yau

Gani ya kori ji. Samfura sun yi yawa, har sun haura ɗari, sai awon sama ya fara tankaɗe su. A 2010, da na'urar rediyo ta Green Bank a Amurka, Paul Demorest da abokan aikinsa suka auna fulsar J1614-2230 suka samu nauyin da ya kusa ninki 2 na rana, a 2021 kuma aka tsayar da nauyin J0740+6620 a wajen 2,08. Duk ƙa'idar da iyakarta ta gaza haka ta faɗi. Cikin waɗanda suka shiga matsala har da samfura da yawa da ke hasashen bayyanar wasu ƙwayoyi masu suna haiferon a tsakiyar tauraro, domin bayyanarsu na sassauta matsi.

Ɗaya gefen kuma ya zo ne a ranar 17 ga Agusta 2017, da na'urorin LIGO biyu na Amurka da Virgo na Italiya, wanda hukumar binciken Faransa CNRS ke da hannu a gininsa, suka shaida girgizar jan nauyi daga karon taurarin nutoron biyu a tarin taurari NGC 4993, a nisan tafiyar haske ta kimanin shekara miliyan 130. Yayin da taurarin ke matsowa, kowane na jan ɗan'uwansa yana lanƙwasa shi, kuma yawan lanƙwasar na bar alama a cikin girgizar. Awon ya nuna ba su lanƙwasu ƙwarai ba, ke nan ba su da girma sosai: rabin faɗin tauraro mai nauyin 1,4 da wuya ya wuce kilomita 13 da rabi. Wannan ya kayar da ƙa'idodi masu tsananin tauri. Na'urar NICER da aka ɗora a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017 ta ƙara da nata awon, wanda ke tsakanin kilomita 11 da 14 ga taurarin da ta duba. Hasashen SLy yana cikin wannan tsukin, ko da ya ke iyakar nauyinsa na gab da taurari mafi nauyi da aka auna.

A ƙasa ma ana ci gaba da gwaji. A 2021 ɗakin binciken Jefferson a Amurka ya auna kaurin fatar nutoron da ke lulluɓe cibiyar dalma 208, ya same ta da kauri, abin da ke nuna matsi mai ƙarfi. A 2022 irin wannan awo a kan kalsiyom 48 ya ba da fata siririya. Daidaita sakamakon biyu a cikin samfuri ɗaya na daga cikin ayyukan da ke gaban masana a yanzu, haka ma tambayar ko nutoron na narkewa su zama kwak a can tsakiya.

7. Asalin uraniyom ɗin kansa

Akwai alaƙa ta uku, wadda ta fi sauran daɗewa. A 1957, shekarar Azelik, Margaret da Geoffrey Burbidge da William Fowler da Fred Hoyle, da kuma Cameron a nasa ɓangaren, suka nuna cewa uraniyom ba ya samuwa sai inda nutoron suka yi ambaliya a kan cibiyoyi cikin ƴan daƙiƙu, cibiya ta yi ta haɗiya kafin ta samu damar ruɓewa. Shekara sittin ana neman inda haka ke faruwa. Hasken da ya biyo bayan karon 2017, wanda na'urori da dama suka duba har da SALT ta Afirka ta Kudu, ya nuna an watso sababbin ma'adinai masu nauyi da suka kai ƴan kaso cikin ɗari na nauyin rana, a 2019 kuma aka tantance sitironciyom a cikinsa. Ba a ga layin uraniyom kai tsaye a wannan haske ba, kuma ana muhawara a kan rabon da wasu nau'o'in fashewar taurari ke da shi, amma an tabbatar cewa karon taurarin nutoron na daga cikin maƙeran irin waɗannan ma'adinai. Yawan abin da karon ke watsowa ya dogara da ƙa'idar matsi da cunkoso, kuma halayen cibiyoyin da ke samuwa a hanya, waɗanda ba a iya ƙerawa a ɗakin gwaji, da samfuran Skyrme da Gogny a ke lissafa su.

Uraniyom ɗin da aka ƙera ta haka ya shiga cikin ƙurar da ta zama rana da duniya shekara biliyan 4,6 da suka wuce. Rabin uraniyom 238 na ruɓewa ne a cikin shekara biliyan 4,5, shi ya sa ya kawo yanzu. A ɓawon duniya bai wuce giram 3 a kowane tan ba. A Abzin, ruwa ya wanko shi daga duwatsun aman wuta da sauran duwatsu masu tauri na tsaunukan, ya gangara da shi yamma cikin kwarin Tim Mersoi, ya ajiye shi a cikin duwatsun yashi da suka haura shekara miliyan 300, a wuraren da ragowar tsirrai suka kama shi, har ya kai ƴan kilo a kowane tan. Ƙasar Gugaram, da ke tsakanin Arlit da Iferwan a gindin tsaunukan, tana kan wannan gangare na yamma da koramu ke bi har yau.

8. Kammalawa

COMINAK ya rufe ya bar tarkacen ƙasa mai tururi na kimanin tan miliyan 20 a gefen Akokan. A Yuni 2024 gwamnati ta janye lasisin Imuraren daga hannun Orano, a Yuni 2025 kuma ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Doka na iya mayar da rami hannun ƙasa a rana ɗaya, amma ilimin da ke sarrafa abin da ke cikin ramin sai an koyar an koya. Tarihin Arlit ya riga ya nuna illar rashinsa: da ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen ta so sanin yawan tururin da ke cikin ruwa da ƙura da tsofaffin ƙarafa na garin, sai da ta gayyato ɗakin awon CRIIRAD daga Faransa a Disamba 2003. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa ƙananan hukumomin jihar da a ke haƙa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shiga, amma ƙaramar hukuma irin Gugaram tana buƙatar masanin da zai karanta mata takardar awo kamar yadda ta ke buƙatar kuɗin.

Wani zai ce ƙasar da ke fama da ƙarancin ruwa da lantarki ba ta da lokacin taurari. Amsarmu tana cikin tarihin da muka kawo. Volkoff ya koyi sana'arsa a kan tauraro, bayan shekara huɗu yana lissafin tukunyar nukiliya. Ɗalibin da ya iya gina ƙa'idar matsi da cunkoso ya san fizik ɗin cibiya, ya san kimanta kuskuren awo, ya iya rubuta manhajar lissafi, waɗannan kuwa su ne kayan aikin mai sa ido a kan tarkacen Akokan. Daɗin daɗawa, a duk sarƙar atam wannan ƙulli ne ya fi arha. Lissafin Oppenheimer da Volkoff yana warwaruwa a ƙaramar kwamfuta cikin daƙiƙu, rumbun CompOSE na ba da ƙa'idodi masu yawa kyauta a intanet, bayanan LIGO da Virgo a buɗe su ke, na'urar MeerKAT ta Afirka ta Kudu kuma tun 2018 tana cikin manyan masu auna fulsar a duniya.

Tushen ginin yana nan: sashen fizik da cibiyar IRI a Jami'ar Abdou Moumouni, makarantun ma'adinai EMIG a Yamai da EMAÏR a Agadas, hukumar HANEA da aka kafa a 2013, da Jami'ar Agadas da aka kafa a 2014. Abin da mu ke ba da shawara shi ne a buɗe darasin ka'idar nukiliya a matakin digiri na biyu, a haɗa ɗalibansa da ayyukan awo a Arlit, a kuma nemi haɗin gwiwa da jami'o'in Afirka ta Kudu. Abdou Moumouni, masanin fizik ɗin da jami'ar Yamai ta ɗauki sunansa a 1992, ya yi kira tun 1964 da a koyar da ilimi cikin harsunan Afirka. Saboda haka akwai aiki a gaban masana harshe su ma: su zauna da malaman fizik su tace kalmomin da muka gwada a nan, su samar da takwarorinsu a Tamajak, domin bayanin awon rijiya ya isa ga masu shan ruwanta cikin harshen da su ke ji.